Guɗa Ɗaya Daga Kan Soron Sharafiyya

Wai a cikin mutanen nan da na gani suna gudu a filin ƙwallo na Jidda, ranar da na hau soro, wanne ne mijina? Na gan shi, wannan babu shakka, domin yana cikin filin kuma idona a buɗe yake. Amma wanne ne? Har yau in na rufe ido sai in gan su ƙanana kamar tururuwa a kan faranti, in bi su ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa kama shi ba.

Tun da na dawo Fagge mata ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce, "Hajiya Kande, yaya Jidda take?" Waccan ta ce, "Da gaske ne a can ana biyan ƙato don ya yi wasa?" Ina farawa kuwa sai kuka ya tare ni a tsakiya, su tashi suna ba ni haƙuri, labarin bai kai ko'ina ba. Shi ya sa na ce da Saude, 'yar ƙanena da ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ta ɗauko alƙalami. Ni ko alif ban sani ba. In na yi kuka ta jira ni, in na share ta ci gaba.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Yana raye ban faɗa ba, balle yanzu. Abokan wasansa Bahago suke ce masa, saboda ƙafar hagu ce mai cinsa. To, haka za mu kira shi.

Lebura ne a tashar jirgin ƙasa ta Kano lokacin da aka kai ni ɗakinsa, yana loda buhun gyaɗa. Da yamma sai su yi tamaula a wani fili bayan tasha, ba takalmi, sai ƙyalle da suke ɗaure idon sawu da shi. Ni ina cikin gida, ihu kawai iska ke kawo min. In ya dawo sai in dafa ruwa da gishiri, ya tsoma ƙafa, in shafe ta da man kaɗe. A nan na koyi ƙwallo. In babban yatsan hagu ya kumbura, ya ci. In ƙwauri ne ya sha sara, sun gane shi sun taru a kansa. In tafin ƙafa ya yi zafi kamar kaskon waina, ya yi gudun banza ba a ba shi ba. Har ya daina ba ni labari, sai ya miƙo ƙafa ya ce, "Malama, duba mana, yau me aka yi?"

Sai in ce, "Ni dai wata rana ina so in gani da idona."

"Za ki gani, Kande. In ba a Kano ba, a wani gari."

Wani alhaji da ya dawo daga gabas shi ya zuba masa maganar Jidda a kunne. Ya ce attajiran can suna tara samari masu ƙafa, su ba su ɗaki da albashi, ba don komai ba sai wasan nan da mahaifin Bahago yake kira aikin marasa aiki. Ga kuma Makka a bayan gari. Da muka je sallama da tsoho, hajji kawai muka ambata, kuma ba mu yi ƙarya ba. Ya sa mana albarka. Bahago ya sace iskar ƙwallonsa, ya naɗe robar ciki da fatar waje, na tura su tsakiyar buhun geronmu don kada maƙwabta su gani su kai gaba.

Wannan kafin a sami mulkin kai ne. Muka hau bayan babbar mota da wasu maniyyata, muka nufi Yerwa, daga nan Fallomi ta ƙasar Cadi. Hanyar ba ni da abin faɗa a kanta sai girgiza. Motar ta fi son tsayawa a kan tafiya. In ta kafe a rairayi maza su sauka su tura, mata mu tsinci itace. Madugunmu wani dattijo ne, Malam Tanko, wanda ya taɓa yin tafiyar da ƙafa yana saurayi, don haka kullum yana raina mu. "Ku 'yan gata ne," in ji shi, "mu a nan wurin takalmi muka dafa." Kowace rijiya muka wuce sai ya nuna inda ya binne wani. Da dare kuwa taurarin ƙasar Wadai suna saukowa ƙasa-ƙasa, har in riƙa jin kamar motar ce a tsaye, su ne ke tafiya Makka.

A Adare, iyakar Sudan da ƙasar da Faransa ke mulka, aka sauke mu kaf. Wani soja yana bin buhuna da tsinken ƙarfe yana sokawa. Da ya nufo namu, Bahago ya yi tsalle ya rungume buhun yana ihu. Shi ke nan, aka ce mun ɓoye wani abu. Aka kira Nasara, wani jan mutum mai gajeren wando, aka zazzage geronmu a ƙasa. Sai ga fata a naɗe ta faɗo. Malam Tanko ya yi salati, don ya ɗauka laya ce irin ta ɓarayi. Nasara ya ɗaga ta ya juya, ya shinshina, sai na ga fuskarsa ta koma ta yaro. Ya aika a kawo famfon keke.

Ranar ba a buga wa kowa hatimi ba sai bayan magariba. Sojoji suka tuɓe, aka kafa duwatsu a madadin raga. Na ce a raina, yau dai Allah ya yi. Na gyara zama a kan ƙunshin kayana. Sai Malam Tanko ya zo yana kaɗa sanda.

"Mata a koma bayan zana! Maza sun tuɓe, ku kuma masu niyyar Ɗakin Allah ne."

Muka koma bayan zana muna tsince gero daga ƙasa. Zanar kuwa sabuwa ce, saƙar ƙwarai, ko allura ba ta wucewa. Ina jin Nasara yana haki yana kiran wani abu da harshensa, ina jin sojoji suna shewa. Da dare na duba yatsan hagu, ya yi suntum. Nasara ya ba mu gwangwanin kifi maimakon geron da ya zubar, Malam Tanko ya ce bai halatta ba, sannan ya cinye rabi don ya tabbatar.

Guzurinmu ya ƙare a Sudan, kamar yadda na kowa ke ƙarewa. Muka zauna a ƙasar Jazira muna tsinkar auduga, a wani ƙauye da kowa Bahaushe ne, amma Larabawa Fallata suke ce mana duka. Wasu kakanninsu ne suka fito hajji suka tsaya hutawa, har yau ana hutawa. Abin ya ba ni tsoro.

Ranar farko matar mai masaukinmu ta kawo tire da wani abu fari, siriri, a shimfiɗe bisa kwanon miya. Na ɗauka ƙyallen rufe abinci ne. Na ninke shi da kyau na ajiye gefe, na zauna jiran tuwo. Da ta dawo ta tarar da mu muna kallon miya, ta yi dariya har ta dafa bango. Kisira ce, ita ce tuwon. Tsami gare ta kamar kamu ya kwana uku, amma daga baya har na iya yin ta. Wata rana kuma na shiga bayan ɗaki na tarar da matar nan a zaune, an lulluɓe ta da bargo, hayaƙi yana fita ta wuyanta. Ban tsaya tambaya ba, na sheƙa mata tulun ruwa. Ashe ado ne. Matan can suna haƙa rami su ƙona itace mai ƙamshi su zauna a kai don maigida. Mu a nan turaren wuta a kasko muke sawa mu tsuguna kaɗan, su kuwa sai sun gasu. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

A can ma Bahago ya yi wasa. Ma'aikatan jirgin ƙasa na wani gari suka ɗauke shi aro, a kan za su ba mu tikiti zuwa bakin teku. Filin a buɗe yake, mata masu sayar da shayi ma suna zama a gefe. Sai masassara ta kwantar da ni ranar. Ina kwance ina rawar ɗari na yi mafarkinsa, yana gudu ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ƙwallon tana binsa kamar ɗan akuya. Wannan mafarkin shi ne na riƙe shekaru a matsayin gani.

A Sawakin, bakin teku, aka tsare mu aka yi mana lamba, sannan muka shiga jirgin ruwa. Ni na ɗauka teku kamar kogin Challawa ne da damina, kana hango wancan gefen. Da ƙasa ta ɓace gaba da baya, na kama rigar Bahago na ce mu koma. Ya ce, "Ta ina?" Na yi amai har na ga kisirar bara. Da asuba ta biyu ya tashe ni ya nuna min wasu fararen gidaje dogaye suna tsaye a kan ruwa, suna rawa cikin hazo. Na ce aljanu ne. Ya ce Jidda ce.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona mutum ya bar shi a bushe. Nasu kamar an kifa ka a madambaci. Ruwan sha ma saya ake yi, wasu mutane ne ke yawo da shi a garwa biyu a kan sanda. Gidajen attajirai kuwa suna da tagogin katako masu ƙananan huji, mace ta ga titi, titi bai gan ta ba. Na ce ashe nan sun fi mu tausayin mata, mu katangarmu ko huji babu.

Muka sauka a unguwar 'yan Takari, gidan wata mata, Umma Sa'adiyya. A can aka haife ta, kakanta ne ya zo da ƙafa daga Katsina. Hausarta rabi da rabi ce. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Yalla, ya binti, shigo. Halas kuka, kin iso. Wallahi kin yi baƙi kamar ƙasan tukunya, ta'ali ki sha moya." Moya ruwa ke nan a bakinsu. Ita ta koya min cin gurasar tamis da dafaffen wake da safe, ita ta nuna min tsohuwar da ke sayar da daddawa a ɓoye kamar zinariya, ita ta sa ni soya gyaɗa ina kaiwa bakin kasuwa. Shekarar farko muka sauke farali. Wannan ba zan faɗe shi a nan ba, Saude, ba a haɗa shi da wani labari.

Bahago ya yi wata guda yana zagaya filaye yana tsayawa a gefe. Wata rana aka rasa mutum ɗaya aka ce ya shigo. Kafin magariba wani attajirin shinkafa ya aiko mota har ƙofar gida. Shi ya zama kafilinsa, mai tsaya masa wurin hukuma, ya yi masa iƙama, takardar zama. A takarda aikinsa gadin sito, amma bai taɓa kwana a siton ba. Aikinsa na gaskiya ranar Juma'a ne bayan la'asar. Aka ba shi shuɗiyar riga, da takalmi daga Masar mai ƙusoshi a ƙasa. Ya zo gida yana takawa kamar kaza a kan tabarma mai zafi.

"Kande, wannan ai mari ne aka sa min a ƙafa. Yaya zan ji abin da ƙwallo ke faɗa min?"

Sai ya riƙa shiga fili da shi don ganin idon attajiri, ana fara wasa ya tuɓe ya jefa gefe. Mutanen Jidda suka san shi da haka. In ya durƙusa yana kwance igiya sai filin ya ɗauki ihu, don sun san an zo wurin. Takalmin yana dawo min fes, sai ƙura. Ƙafar ce ke dawowa da labari, ga gishirin ƙasar Jidda yana cin tsaga.

Shekarun nan sun wuce min kamar barcin rana. Yara suna bin sa a titi. Mai gurasa ba ya karɓar kuɗinmu ranar Asabar. Wani lokaci attajirin wata ƙungiya ya aiko da agogo da alkyabba don ya koma wurinsa, Bahago ya mayar, ya ce wanda ya fara aiko mota shi ne uba. Allah ya ba mu haihuwa sau biyu, ya karɓi abinsa tun suna cikin zani. Ni da shi da ƙafar nan muka rage. Kuma a Jidda mace ba ta shiga filin ƙwallo, ko da wasa. Duk garin sun ga mijina, masu ruwa da masu jaki da 'yan dako, ban da ni.

Na fara ganin furfura a gemunsa. Ƙafar ta fara daɗewa kafin ta huce. Na ce da Umma Sa'adiyya, "Umma, zai daina ban gani ba."

Ta ce, "Isma'i. Saurara. Akwai matar da nake wa wanki a unguwar Sharafiyya. Gidansu hawa uku, soronsu yana kallon filin ƙwallo. Mijinta zai tafi Ɗa'if. Amma ki rufe bakinki."

Ban rufe wa Bahago ba. Da na faɗa masa ya tashi zaune, ya dube ni kamar ranar da aka kai ni. Ya ce, "Wannan Juma'ar?" Wasan kuwa babba ne, da ƙungiyar mai agogo. Ya ce in sa jan gyalena na Kano. Ranar ya je wurin wanzami, ya kuma karɓi rigar daga hannuna ya sake goge ta da kansa.

Muka ɗauki ƙullin wanki a ka don kada a tambaye mu, muka hau. Ban taɓa hawa sama haka ba. Na cire baƙin mayafi na yafa jan gyale. Ga teku can yana ƙyalli, ga fili a ƙasa, mutane sun kewaye shi kamar ƙudan zuma. Amma da nisa, Saude. Fuska ba ta ganuwa. Masu shuɗiyar riga kuwa rabinsu baƙaƙe ne irinmu, 'yan Takari da 'yan Sudan.

Umma ta ce, "An ce akwai lamba a bayansu."

"Kin iya karantawa?"

"La wallahi. Ke fa?"

Muka yi dariya. Na ce ba komai, ni ina da tawa alamar. Na bi ƙafafu. Masu takalmi ƙafarsu baƙa ce mai nauyi, tana tayar da ƙura. Can sai na hango ɗaya a cikin masu shuɗi, ƙafarsa ba komai sai farin ƙyalle a idon sawu. Na kama hannun Umma. "Ga shi can!"

Wayyo, Saude. Duk abin da na gani a mafarkin Jazira, ga shi a fili. Yana tafiya kamar ruwa a gangare. Su taru masa uku, ya bi ta tsakaninsu kamar ba su nan. Ban kalli kowa ba sai shi. Na manta da teku, na manta da Umma, na manta ina gidan mutane. Rana ta yi ja, an ci su Bahago ɗaya, lokaci yana ƙarewa. Sai ya karɓi ƙwallo daga tsakiya, ya wuce wannan, ya wuce wancan, mai tsaron gida ya fito masa. Ban san sanda na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba, irin tamu ta Kano, mai tsawo, wadda ban yi ba tun da na bar gida.

Umma ta rufe min baki. "Uskuti! Za ki tona mu!"

Mai tsaron gida ya share masa ƙafa, amma kafin ya faɗi ya tura ƙwallon gefe, gaban raga, ba kowa a ciki. Idona yana kansa yana birgima a ƙasa. Sai na ji filin duka ya yi wani irin nishi, kamar an soki sa. Da na waiga, ƙwallon tana gangarawa waje ita kaɗai. Umma ta ce wani ne a wurin, taɓawa kawai zai yi, ya tsaya kamar gunki. Na ce Allah ya isa. Ban ko nemi ganin mutumin ba, na koma kan nawa, ina duba ko ya tashi lafiya. Aka tashi an ci su.

Ya dawo bayan magariba. Na riga na dafa ruwa. Tun daga ƙofa na fara zuba.

"Na gan ka, maigida! Wallahi na gan ka! Yadda ka wuce su ukun nan! Ba don wani sakarai ya tsaya yana kallon sama ba, ai da ka gama da su. Wane ne shi? Uwarsa ta yi asara."

Ya tsaya yana dubana. Sai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa, har hawaye. Na ɗauka daɗi ne. Na jawo ƙafar na sa a ruwa.

Tafin ƙafar fes, ba tsaga, ba gishiri. A dunduniya kuwa ga ƙuraje biyu sun fashe, yatsun duk sun matse sun yi fari. Na juya na dubi takalmin a bakin ƙofa. Ya yi buɗu-buɗu, igiyarsa a jiƙe.

Na ce, "Ba ka tuɓe ba."

"Ranar da matata za ta gan ni, in fita ba takalmi kamar leburan tasha?"

"To wane ne mara takalmin?"

"Wani yaro ne daga Bor Sudan. Sabon zuwa. Ya iya, ko?"

Na ji kamar soron nan ne ya rufto da ni. "To kai wanne ne?"

Ya lakace min hanci da jiƙaƙƙen yatsa. "Matar da ba ta san mijinta ba, sai ƙafarsa. Ki gano da kanki. Akwai wata Juma'ar."

Ba a sake wata Juma'ar ba. Mai gidan Sharafiyya ya dawo, maƙwabta suka gaya masa an yi guɗa a kan soronsa, Umma ta rasa wankin gidan. Ba ta taɓa yi min gori ba, Allah ya jiƙanta. Shi kuma attajiri ya fara ajiye Bahago a gefe, yaron Bor Sudan ya ɗauki wurinsa. Da na tambaya sai ya ce shekaru ne, kowa da ranarsa. Mai gurasa ya koma karɓar kuɗi. Kafin shekara ta zagayo ya zama mai gadin sito na gaskiya, daga baya ya koma dako a tashar jiragen ruwa, yana sauke siminti, lokacin da Jidda ta fara girma kamar an hura ta. Filin nan ma gini ya cinye shi. Ya fara da buhu a Kano, ya ƙare da buhu a Jidda.

Bai yi ɗaci ba. Yana ɗinke wa yaran unguwa ƙwallo, ranar Juma'a ya kunna rediyo yana faɗa da mai sharhi. Ni kuwa ban daina tambaya ba. In muna shan shayi sai in ce, "Kai ne dogon nan na gefen teku?" Ya ce a'a. "Wanda ya faɗi kusa da tuta?" Ya ce, "Kande, ni na taɓa faɗuwa?" Ya zama wasanmu na tsufa. Na ɗauka tsokana ce kawai irin tasa.

Simintin nan shi ya zauna masa a ƙirji. A Jidda aka binne shi, kabarin ba alama, haka suke yi. Da na gama takaba ƙanena ya aiko a dawo da ni. Hanyar da ta ci mana kusan shekara biyu, jirgin sama ya cinye ta tsakanin azahar da isha. Na leƙa ta taga ko zan ga Jazira, ko zanar Adare, ban ga komai ba sai gajimare. A filin jirgin Kano ma'aikaci ya buɗe akwatina yana neman zinariya, ya tarar da takalmi mai ƙusa a naɗe cikin jan gyale. Ya ce, "Hajiya, tsarabar ke nan?" Na ce ita ke nan.

Saura abu ɗaya, Saude. Jira ni.

Ranar Juma'a ce, bayan la'asar, a ciwonsa na ƙarshe. Rediyon maƙwabta yana ta ihun ƙwallo ta bayan bango. Yana kwance, na ɗora ƙafafunsa a cinyata ina shafa musu mai, sun zama kamar kara. Kwana biyu bai yi magana ba. Sai na ji ya ce, "Kande."

"Na'am, maigida."

"Har yanzu ba ki gano ba?"

Na ce, "Ban gano ba. Ka bari sai ka warke."

Ya yi murmushi, ya yafito ni da yatsa, na kai kunnena bakinsa. Abin da ya faɗa shi nake juyawa tun daga ranar. Ina komawa kan soron nan kullum, ina ƙoƙarin ɗauke idona daga kan yaron da ke birgima, in kai shi gaban raga, taku kaɗan ne tsakani. Idon ba ya zuwa. Bayan wannan bai ƙara magana da ni ba, sai da Ubangijinsa. Rubuta shi yadda ya faɗa, kada ki gyara.

"Sakaran nan ni ne. Guɗar gida na ji daga sama, na ɗaga kai, sai ga ki da jan gyale, rana tana bayanki. Ƙwallo kam na sha gani, Kande. Ke ce ban taɓa ganin kina kallona ba."